Gorar da Goggo Ta Aika Rijiya

Aikina haska ruwa ne. Haka nake gaya wa mutanen gidanmu na unguwar Adarawo a Yola idan sun tambaya, domin duk ranar da na ce zan yi bayani dalla-dalla, kafin in kai rabi Dada, mahaifiyata, ta miƙe ta tafi duba tukunya. Yayyena maza kuwa tsokanata suke yi, wai an ƙare shekaru ana karatu don a zo ana haska ruwa, abin da kowace tsohuwa ke yi da tocila a bakin randa. Ban cika jin haushinsu ba, don ba su yi nisa da gaskiya ba.

A ɗakin bincikenmu akwai wata na'ura mai girman akwatin ƙarfe na ɗan makarantar kwana. Ana tace ruwa, a zuba shi a wata 'yar kwalba mai kusurwa huɗu da ba ta fi ɗan yatsa ba, a saka a ciki a rufe. Na'urar sai ta harba masa haske irin wanda ido ba ya gani. Duk abin da ya taɓa rayuwa ya narke a ruwa, ganye ne, ko kashin shanu, ko mushe, yana haɗiye wannan hasken ya mayar da wani ƙyalli nasa na daban. Na'urar ta auna ƙyallin, kwamfuta ta zana shi kamar taswirar tuddai, shuɗi inda babu komai, ja inda abu ya taru. Tuddai biyu na fi kula da su. Akwai mai faɗi a tsakiya, na ruɓaɓɓen ganye da ƙasa, ina kiransa tudun ganye. Akwai kuma wani tsiri a kusurwar hagu ta ƙasa, na furotin, wato abin da ke fita daga jikin mai rai ko gawarsa. Shi na raɗa wa suna tudun nama.

Ruwan Binuwai da damina tudun ganyensa kumbura yake yi ya cika taswira. Ruwan kwatamin da ke bayan kwata, wato mayankar dabbobi, a Jimeta kuwa tudun namansa ja wur. Na yi ta auna su har na kai ina iya kallon taswira in faɗi daga ina ruwa ya fito, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya ɗan kumbura. Ina da dokoki, kuma ba na wasa da su. Kwalbar ɗiban ruwa dole ta zama ta gilashi mai duhu, a wanke ta da asid, a gasa ta a tanda, a ɗauraye ta sau uku da ruwan da za a ɗiba, a sa ta cikin ƙanƙara. Ɗalibin da ya kawo mini ruwa a gorar roba, a gabansa nake tuntsurar da shi a kwatami, in bi shi da faɗa har baranda.

A shekarar da mutane suka kwararo Yola daga arewacin jihar, gidanmu ya cika har zaure. Cikin waɗanda suka zo akwai Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kai wani gari can gindin duwatsu tun kafin a haife ni. Ta iso da ƙafafu a kumbure da ƙullin kaya guda. Mijinta bai zo ba. Modibbo muke kiransa, don shi ke karantar da manyan garin tsakanin azahar da la'asar. Ranar da 'yan bindiga suka shigo garin, ya sa ta a gaba da sauran mata har bakin hanya, ya ce zai koma ya kwance shanu kada su mutu a turke, zai same su a gaba. Tun daga nan babu wanda ya ce ya gan shi, a raye ko a mace.

Ban san akwai abin da ya fi mutuwa cin rai ba sai da na ga Goggo. Ba ta kuka, ba a yi mata gaisuwa, don ba a san gaisuwar me za a yi ba. Abinci sai Dada ta tsaya a kanta. Abu ɗaya ta riƙe shi ne ɗaura nono. Kullum takan sayi madara wajen matan da ke shigowa daga ruga, ta dafa, ta rufe a ƙwarya, washegari kindirmo ya kwanta. Ita ba ta sha, sai dai ta raba wa gida.

Bayan watanni, da aka ce sojoji sun karɓe garin, maza suka fara leƙawa su dawo. Da su raɗe-raɗi ya zo, wai an zuba mutane a rijiyar bayan masallaci. Babu wanda ya gani da idonsa. Wannan ya ce wancan ya faɗa masa, wancan ya ce shi ma ji ya yi. Rijiyar tana da zurfi ƙwarai, ba a hango ƙasanta, kuma babu mai zuciyar shiga.

Wata Asabar da hantsi na zo gaida Dada daga gidana na Shagari Low Cost, sai Goggo ta yafito ni zuwa ɗakinta. Hausar Goggo irin ta tsofaffin Fulani ce, mace da namiji duk «kai» ne a bakinta, ni kuma «bingel am» take ce mini, wato 'yata. Ta jawo wani abu naɗe a tsumma daga ƙarƙashin gado ta ajiye a cinyata.

«Bingel am, an ce kai kana haska ruwa, kana ganin abin da yake ciki. Wannan na rijiyar ne. Haska mini.»

Gorar roba ce, irin ta ruwan sha da ake sayarwa a shago, takardarta ta ɓare. Ta ce wani tela maƙwabcinsu, wanda ke zaune a Limawa wajen 'yan'uwansa, shi ta aika da zai je duba gidansa. Kwana biyu ke nan da dawowarsa. Wato ruwan ya yini a mota cikin rana, ya kwana biyu a ƙarƙashin gado, a gorar da ban san abin da ta taɓa ɗauka ba. Da ɗalibi ne da tuni na tuntsurar. Amma ƙanwar ubana ce ta miƙo mini da hannu biyu. Ta yaya zan ce mata gorarta ba ta yi ba? Ban da kunya kuma akwai wani abu da sai daga baya na yarda da shi. Daɗi na ji. A karo na farko wani a gidanmu ya ɗauki aikina da daraja.

Ranar Litinin na jira abokan aiki suka fita cin abincin rana, na kunna janareta. Na sa safar hannu biyu, na ɗaura takunkumi, na kuma riƙe numfashi lokacin da zan buɗe murfin. Tsoro nake ji, ba na son in shaƙi abin da nake zaton yana ciki. Ruwan ya ɗan yi hazo-hazo. Na tace shi, na zuba, na rufe na'ura. Taswira ta fara fitowa layi-layi kamar yadda ta saba, sai na ga kusurwar hagu ta ƙasa tana ja, tana ƙara ja, har ta wuce iyakar abin da na'urar ke iya aunawa. Na sirka ruwan da tataccen ruwa na sake. Tudun nama na nan tsaye. Tudun ganye ɗan kaɗan ne, kamar na kowace rijiya mai zurfi. Ko ruwan bayan kwata bai taɓa ba ni irin wannan ba. Na zauna a kan kujera na yi ta salati.

A hanyar Adarawo na tsara abin da zan faɗa. Zan ce na'ura ba ta san mutum da akuya ba. Zan ce gora ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Duk na faɗa, Allah shaidata ne. Amma ba da su na fara ba. Da na durƙusa gabanta na ga yadda take kallon bakina, abin da ya fara fitowa shi ne:

«Goggo, akwai abin da ya ruɓe a ciki. Mai yawa. Kuma ba ganye ba ne.»

Sauran bayanin da ya biyo baya iska ta kwashe shi. Magana zarar bunu ce. Goggo ta yi innalillahi a hankali sau uku, ta shafa fuskarta, sannan ta kama hannuna ta ce, «Useko, bingel am.» Godiya ta yi mini. Dada da ke tsaye a bakin ƙofa ta share hawaye da gefen mayafi ta ce dama ruwa ba ya tsami banza.

Wani malami ɗan'uwanmu ya zo ya ce na'ura ba ta zama shaida a shari'a, a ƙara haƙuri. Goggo ta saurare shi da ladabi, da ya tafi ta cire 'yan kunnenta ta shiga takaba. A ranar ta yi kukan da ta riƙe tun zuwanta, har maƙwabta suka shigo. Aka yi gumba aka raba, mutane suka zo gaisuwa. Kuma abin da ba zan manta ba, cikin makon nan ta fara cin abinci. Kafin ta fita takaba kumatunta sun dawo, har tana yi wa Dada tsiya a kan gishirin miya.

Labari kuma ya yi ƙafa. Kafin ya isa garinsu ya zama wai an kai ruwan babban ɗakin bincike, injin Turawa ya ga mutane a ciki. Da jama'a suka fara komawa, dattawa suka taru suka ce ba za a tona ba, ba za a kuma sha ba. Aka cike rijiyar da ƙasa da duwatsu, aka shafe bakinta da siminti, aka yi addu'a. Ba Goggo kaɗai ba, akwai wasu gidajen da suka rasa nasu, su ma can suke zuwa su tsaya. Goggo ba ta koma da zama ba, ta ci gaba da zama da Dada, amma duk shekara bayan girbi sai an kai ta. Ni kuwa kowace Juma'a ƙwaryar kindirmo na isowa gidana daga wajenta. Yayyena suka daina tsokanata.

Shekaru suka wuce a haka. Rannan aka yi suna a Limawa, gidan wasu dangin mijina. Ina fitowa da la'asar sai wani dattijo ya taso daga kan tabarmar maza ya gaishe ni, ya ce ai shi ne telan da ya ɗebo ruwan. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Muka gaisa, ya tambayi Goggo, ya yi ta sa mata albarka. Ya ce mace ce mai kunya da sanin ya kamata. Ranar da za ta aike shi, ta ce abin kunya ne a miƙa wa mutum gora ba komai a ciki, ga shi zai yi doguwar tafiya. Sai ta cika masa ita da kindirmo ya yi guzuri. Yana dariya ya ce kafin su kai Song ya shanye tas, kuma har yau bai ƙara shan mai daɗinsa ba.

Na tambaye shi ko ya wanke gorar. Ni kaina na ji muryata ta canza. Ya ce ya ɗauraye sau ɗaya a bakin rijiyar, don wurin shiru ne, ba mutum ba dabba, gabansa sai faɗuwa yake, bai son daɗewa. Na ce ruwan fa, da ya jawo guga, yana wari? Ya yi ɗan tunani ya ce shi dai bai ji komai ba, ruwa ne garau.

Nono furotin ne. Ɗalibin shekarar farko ya san wannan. Ni kuma 'yar Fulani ce, da nono aka yaye ni. Da na sauke takunkumin nan na kai hancina bakin gorar sau ɗaya, da na san tsamin da ke ciki tun kafin in kunna janareta.

Washegari na sayi kindirmo a kasuwa, na zuba a gorar roba, na juye, na ɗauraye sau ɗaya, na cika ta da tataccen ruwan da babu komai a cikinsa. Na bar ta a mota ta yini, ta kwana biyu a ƙarƙashin tebur. Na auna. Na ɗauko tsohuwar taswirar daga fayil na ajiye su gefe da gefe. Da ba don kwanan watan da ke jiki ba, ba zan iya cewa ga ta rijiya ga ta kasuwa ba. Na sake da wata gorar, na sake da wani nonon, na yi ta sakewa har wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko shagon fura zan buɗe. Na yi mata dariya, na shiga banɗaki na yi amai.

Ba wai na gano babu kowa a rijiyar ba ne. Da haka ne da sauƙi. Mai yiwuwa suna ciki, nonon ya rufe su. Mai yiwuwa babu kowa, ruwa ne mai kyau da gari guda ke sha tun kakanni, aka cike shi da duwatsu a kan maganata. Hanyar sani ɗaya ce, a sake ɗebo ruwa a kwalbar kirki, ruwan kuwa yana ƙarƙashin siminti.

Daga nan Modibbo ya dawo mini. Da can na binne shi tare da kowa, ina yi masa addu'a in wuce. Yanzu duk tsohon da na hango da farar riga da rawani a tashar Jimeta, ko a bayan keke, ko a bakin masallaci yana jan carbi, sai na rage gudu na leƙa fuskarsa. Akwai ranar da na bi wani tun daga kasuwa har bakin gada, masu mota suna ta yi mini oda. A wurin aiki, duk sanda taswira ta fara fitowa, idona a kusurwar hagu yake, ko ruwan famfo nake aunawa. Ƙwaryar Juma'a ba ta fasa zuwa ba. Nakan karɓa in yi godiya, in ba maƙwabta, don ba ya wuce mini maƙogwaro.

Na gaya wa mijina. Ya ce a bar kaza cikin gashinta. Tsohuwa ta samu kwanciyar hankali, tana ci tana barci, me zan ba ta a madadinsa? Na ji haushinsa ƙwarai. Na riƙe abin shekara biyu. Ina zuwa Adarawo in durƙusa in gaishe ta, ta dafa kaina ta sa mini albarka, in tashi ina jin kamar na saci wani abu a ɗakinta.

Bana bayan ƙaramar salla jikinta ya fara rauni, idonta ma ya dusashe. Wata safiya na same ta a gindin mangwaron tsakar gida an jingina ta da filo. Ta sa aka kira Dada da babban yayana, ta ce wasiyya za ta bari. In ta cika, kada a kai ta maƙabartar Yola. A ɗauke ta a mota a kai ta garinsu, a haƙa mata kusa da rijiyar, ta kwanta gefen mijinta. Yayana ya ce in sha Allahu. Ni ya kalla da ya faɗa, kamar ni ce mai wurin.

Da suka watse na matsa kusa da ita. Na faɗa mata duka, da Fulatanci, don kada kalma ɗaya ta ɓace a hanya. Gorar, kindirmon, telan, takunkumin, gwajin da na yi ta maimaitawa. Na ce ba laifinta ba ne, ita abin da ya dace ta yi, ni ce na san doka na take. Ban yi kuka ba, na hana kaina, don ba ni ce ya kamata a rarrasa ba.

Hannunta na kan gwiwata, bai motsa ba. Da ta yi magana, da Hausarta ta yi, kamar yadda take yi in tana son ta tabbatar ɗan boko ya fahimta.

«To yana ciki?»

«Ban sani ba, Goggo.»

«Yana waje?»

«Ban sani ba.»

Ta gyaɗa kai. Na zaci za ta zage ni, kuma wallahi da ta zage ni da na ji sanyi. Sai na ga tana lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Shekarunsa take lissafawa, daga shekarar da ya aure ta, da shekarar da suka yi asarar shanu, da shekarar gudu. Ta kai ƙarshe ta sake farawa don ta tabbatar. Sannan ta ɗago fuskarta wajen da take jin numfashina.

«Ya wuce tamanin ke nan. Ga ciwon gwiwa. Ai ba zai iya zuwa da ƙafarsa ba yanzu, bingel am, shi ya sa bai zo ba. Sai dai a je a ɗauko shi. Kai kana da mota ko?»

Na ce ina da ita, tana ƙofar gida. Ta fara laluben mayafinta a kan tabarma, ta ce in miƙo mata takalmanta. Na miƙo, na durƙusa na sa mata su, ƙafar dama sannan ta hagu. Ta dafa kafaɗata ta miƙe. Muka nufi zaure a hankali, makullin mota a hannuna, ban san wace hanya zan bi ba.